Yarinyar Rabin Tikiti

A duk benen da ke lamba shida a tsohuwar unguwar ma'aikatan jiragen ruwa ta Wuhan, babu uban da ake yabo kamar Duan Hongbo. Idan Asabar ta yi, sauran maza ko suna kan teburin majan, wasan cacar ƙasar, suna busa hayaƙi, ko suna sharar barci har rana ta take. Shi kuwa tun da sanyin safiya zai sauko da 'yarsa Shanshan, ita goye da jaka, shi riƙe da sandar da ake maƙala wa waya don ɗaukar bidiyo, sun nufi yawon gari. Kafin a ci abincin dare bidiyo ya faɗo a zauren iyaye na waya, da sunan da ya raɗa wa shirinsa: Yawo da Yaro, Aljihu Bai Ji Ba. Matan bene su kalla, su juya su dangwara wa mazajensu wayar a hanci.

"Ka gani? Wannan shi ake kira uba. Kai kuwa ko tashar bas ba ka taɓa raka ɗanka ba."

A faɗi gaskiya, mutumin ya san garinsa kamar yunwar cikinsa. Ya san jirgin fiton da zai tsallaka Kogi, babban ruwan da ya ratsa garin, da kai a kan kuɗin ƙwai ɗaya, ka sha iska, ka ga gada, ka dawo. Ya san ɗakin karatun da ke da na'urar sanyi a watannin da zafi ke dafa mutane, da gidan tarihin da ake shiga kyauta, da kantin kujeru inda za ka miƙe ƙafa ka huta kana yi kamar mai ciniki. Ya san babban kantin da ake miƙa wa yara ɗanɗanon biskit da tsakar rana, ya kuma san cewa idan yarinya ta cire hula ta sake zagayowa, sai a sake miƙa mata. Ruwan zafi a tashar jirgi ake ɗura shi. Abincin rana dafaffen ƙwai ne da burodin tururi daga gida. Da farko Shanshan ta so waɗannan ranaku ƙwarai, don tana son Kogi, tana kuma son ubanta.

Sai dai ba kowace ƙofa ce ke buɗewa kyauta ba. Gidan namun daji da gidan kifaye da hasumiyar kallon gari duk suna da mai yankan tikiti, kuma kusa da tagarsa akwai jan layi a jikin bango, mita ɗaya da santi arba'in daga ƙasa. Yaron da kansa bai wuce layin ba, rabin kuɗi ne. Wanda ya wuce, ko da da faɗin farce ne, ya zama babba. Ba a tsayawa tambayar shekaru, bango ne alƙali.

A bazarar da Shanshan ta cika sha ɗaya, sai ta yi wa ubanta laifin da bai shirya masa ba. Ta yi tsawo.

A sauran gidaje wannan abin murna ne. Maƙwabciyarsu Anti Ruan kullum cikin dafa wa ɗanta romon ƙashi take, ta jingina shi da ƙyaure ta zana fensir a saman kansa, zanen yana ta hawa kamar tsani. A gidan Duan layi ɗaya ne, jan salatif da ya manna a jikin ƙofar kicin, shi kuma ba ya hawa. Duk Juma'a, da an kwashe kwanukan abinci, sai a yi gwaji.

"Gwiwa, Shanshan, gwiwa! Ba cewa na yi ki duƙa kamar mai neman allura ba, ai sai su gane. Saki gwiwar a cikin siket. Sauke kafaɗa. Ja wuyan ciki. Yawwa, to yi murmushi."

"Baba, da ciwo."

"Ciwon ƙiftawar ido ne. Kina son Macijin Sama ko ba kya so?"

Tana so mana. Duk lokacin da jirgin fito ya kai tsakiyar Kogi, sai ta hango shi a can ƙetare, cikin filin wasanni: dogon ƙarfe da ya murɗe a sararin sama, keken mutane yana hawa a hankali har ƙololuwa, sannan ya sulmiyo, ihun mahayan yana tsallako ruwa. Rabin 'yan ajinsu sun hau. Ubanta ya yi mata alkawari cewa duk abin da suka rage a bakin ƙofofi, nan za shi, ranar da ta cika sha biyu. Don haka ta saki gwiwa, ta ja wuya, ta yi murmushi a ƙarƙashin salatif.

Uwarta Kang Suyun, wadda ke tsayuwa a kantin magani tun safe har yamma, har da Asabar, tana zaune tana jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi.

"Baban Shanshan, wai rabin tikitin nan nawa ne duka? Ko kwalin sigarin da kake rabawa a ofis bai kai ba."

"Sigari mutunci ne, ke ba za ki gane ba. Wannan kuwa tarbiyya nake ba ta. Yaran yanzu sun ɗauka kuɗi a famfo yake zubowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Suyun ta taɓe baki ta ƙara ruwan zafi a roba. A ranta ta ce gara wannan da mijin da zai dawo yana warin giya. Ba talauci ne ke damun gidan ba, Duan akawu ne a wani kamfanin jigilar kaya, albashi yana shigowa a kan kari. Hannun jarirai ne kawai gare shi, da kuma daɗin a ce ya fi kowa wayo, wanda ya fi masa kuɗin ma zaƙi.

Dabarar ta yi aiki a gidan kifaye, ta yi aiki a hasumiya. A gidan namun daji ne suka gamu da gamonsu, wata dattijuwa mai yankan tikiti, irin waɗanda suka ga jiya suka ga yau. Ta leƙo ta taga, ta dubi Shanshan sama da ƙasa, ta fito riƙe da ɗan allon katako.

"Zo nan, 'yata. Diddige a bango. Miƙe gwiwar. Uku na haifa, na san gwiwa ko tana cikin bargo."

Shanshan ba ta saba yi wa manya gardama ba. Ta miƙe. Allon ya zauna a kanta, yatsu uku sama da jan layi.

"Cikakken tikiti, Malam."

"Haba Inna, gashi ne fa! Gashinta ne ya tashi."

"To ai gashin ma shiga zai yi ya ga biri. Sai ya biya."

Mutanen da ke layi suka kwashe da dariya. Duan ya biya, kunnuwansa sun yi ja. Ya wuce gaba cikin gidan namun, tana biye da shi da jaka. Ba su tsaya wurin giwa ba, ba su tsaya wurin damisa ba. Sai da suka zo shingen raƙumin dawa ya ja birki, ya nuna mata da haɓa.

"Ga 'yar'uwarki nan. Ki gaishe ta."

Ta yi kuka a hankali, yadda ba zai ji ba. Abin da ya fi mata zafi ba dariyar mutane ba ce, a'a, yadda ubanta ya ƙi kallon fuskarta har suka dawo gida. Ranar ba a saki bidiyo ba, Anti Ruan har ta ƙwanƙwasa ƙofa ta tambaya ko lafiya.

Mai hali ba ya fasa halinsa, sai dai ya ƙara masa gyara. Kafin wata Asabar an yanke wa Shanshan gashi, an kwantar da shi da ruwa. An sayo mata takalmin zane maras dunduniya, aka ma cire shimfiɗar cikinsa. Madarar da ake kawowa ƙofar gida da safe aka dakatar da ita, wai tana sa ta ƙuraje, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin ƙurjin. Sannan Duan ya karanto a waya cewa mutum ya fi tsawo da safe, zuwa yamma sai ƙashin baya ya ɗan zauna. Murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Daga nan tsarin yawo ya canja: wuraren kyauta da safe, tafiya a ƙasa ta bakin Kogi, ƙofa mai tikiti kuma sai rana ta yi sanyi. Jaka ma ta ƙara nauyi, fulas biyu na ruwan zafi, da ƙwai, da laima, da tabarmar zama. Hannun jakar ɗaya ya tsinke tun rani, ya ce ai ɗayan yana da ƙarfi.

"Baba, ka karɓa mini kaɗan mana."

"In riƙe jaka in riƙe waya? Hannu nawa gare ni? Daure, motsa jiki ne. Wasu kuɗi suke biya a sa su ɗaga ƙarfe."

Ba a sake kama su ba. Da an wuce ƙofa sai ya dafa kanta ya ce, "Yarinyar kirki," wani lokaci har ya sayo mata alewa a tsinke. Shanshan ta gane cewa wannan kalma a ƙarƙashin layi take zaune, wanda ya miƙe ba ya samun ta. Ta kuma gane, da wayon yara wanda manya ba su cika lura da shi ba, cewa jikin ya fi saurin lanƙwasuwa ranar Asabar idan ba a sake shi ba tun Litinin. Sai ta daina sakin sa. A duƙe take cin abinci, a duƙe take rubutu, a duƙe take hawa bene. Shinkafarta ta riƙa ragewa a kwano. Madarar da ake raba wa 'yan aji sai ta tura wa ta kusa da ita. Idan an jera 'yan makaranta bisa tsawo a filin motsa jiki, ita da take can baya, sai ga ta tana matsowa tsakiya.

Malama Fei, mai koyar da wasanni, ita ta fara tankawa. Tun farkon shekara ta sa ido a kan Shanshan don ƙungiyar ƙwallon raga, amma Duan ya ce tsalle-tsalle ɓata lokacin karatu ne.

"Shanshan! Wa ya ɗora miki buhu? Miƙe!"

Ta miƙe kaɗan, da Malama ta juya ta koma yadda take. Da kaka ta shigo, ma'aikatan lafiya suka zo makaranta duba yara kamar yadda aka saba. Aka sa kowa ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafa. Da aka zo kan Shanshan, matar da ke dubawa ta daɗe tana shafa bayanta, sannan ta yafito Malama Fei, suka yi ƙus-ƙus. Washegari Malama ta tare Duan a bakin ƙofar makaranta, yana zaune a kan babur ɗinsa mai batir.

"Baban Shanshan, bayan 'yarka ya fara karkacewa. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Ku kai ta wurin likitan ƙashi yanzu, tun ƙashin bai ƙosa ba. In aka bari ta gama girma a haka, to a haka za ta zauna."

Duan ya yi murmushin da yake yi a bidiyo.

"Malama, kin san asibitin zamani. Ka shiga da tari, ka fito da hoton ƙwaƙwalwa. Rigar roba za su sayar mini, su ce a sa mata. Uwata a duƙe ta yi rayuwarta tana dashen shinkafa, ta haura tamanin tana fasa gyaɗa da haƙoranta. In ma da laifi, na jakar makaranta ne. Ku rage musu littattafai."

"Ba wasa nake yi ba, Baban Shanshan."

"Ni ma haka. A duk iyayen ajin nan, nuna mini wanda ya kai ni zama da ɗansa. Hau mu tafi, Shanshan."

Malama Fei ba ta haƙura ba, ta kira uwar a waya. Suyun ta tsorata, ta ɗaga rigar yarinyar a banɗaki ta duba, ta ga abin da idonta. Ta ce lallai za a je. Amma Duan ya ce a bari a gama jarrabawa, kada a raba wa yarinya hankali. Da aka gama jarrabawa Sabuwar Shekara ta matso, kuma wa yake shiga asibiti a bakin biki ya jawo wa gida rashin sa'a? Da biki ya wuce aka ce a bari sanyi ya sauka, asibiti cike yake da masu mura. Suyun kuma hutunta ɗaya ne a mako, ranar Talata, ranar da take wanki da barci.

"Ke ma ki riƙa miƙewa mana," ta ce wa 'yarta wata rana, tana tsefe mata ɗan gashin da ya rage. "Kin san 'yan mata nawa ne ke fatan a ce ubansu ya kai su ko bakin titi? Kada ki zama marar godiya."

Shanshan ta ce to. Ba ta gaya mata cewa zaman aji ya zama azaba ba, cewa kafin a tashi wani abu yake cizon ta a tsakanin kafaɗu kamar an ɗora garwashi. Ba ta gaya mata ta daina kwanciya rigingine ba, ko cewa a hawa na huɗu sai ta tsaya ta nemi numfashi. Tsoro take ji kada a ce asibiti zai cinye kuɗin Maciji. A matattakala Anti Ruan ta ci karo da ita, ta bi ta da kallo cikin sha'awa.

"Kai, yarinyar nan akwai kunya. Kullum kanta a ƙasa. Tarbiyya ba ƙarya ba ce."

Shirin Duan kuwa sai bunƙasa yake. Bidiyonsa ya fita daga bene ya shiga wasu unguwanni. A kasuwa akan tare shi a ce, ashe kai ne na Aljihu Bai Ji Ba? A bidiyo yakan ba da shawarar jirgin fito da ɗakin karatu. Maganar gwiwa da siket kuwa ba ta shiga waya, wannan sai a kan matattakala, ga wanda ya yarda da shi, bayan ya miƙa masa sigari.

Ranar da Shanshan ta cika sha biyu ta faɗo Asabar. Duan ya cika alkawari, kada a zalunce shi. Ya kuma sanar a zaure tun da wuri cewa babban shiri na tafe: yadda za ka kai yaro filin wasanni mafi tsada a gari ba tare da ka yi kuka ba. Suka sha yawon bakin Kogi da jaka kamar kullum, suka ci ƙwai a kan benci, sannan suka tsallaka.

A bakin ƙofar filin akwai jan layi, sabon fenti. Duan ya sunkuyo ya raɗa mata, "Gwiwa." Amma a daidai lokacin keken Maciji ya sulmiyo ta saman katanga, ihu ya cika sama, Shanshan ta saki baki tana kallo. Budurwar da ke ƙofa ta ɗan dube ta, ta dubi layin, ta ɗaura mata awarwaron takarda ruwan ɗorawa, na yara. Duan aka ɗaura masa shuɗi. Suna shiga ya ƙifta mata ido.

"Kin ga aiki? Ko allo ba ta ɗauko ba. Kin ƙware, yarinyar kirki."

Sai da suka yi nisa Shanshan ta tuna cewa ba ta saki gwiwar ba. Abin ya ɗan tsaya mata a rai, amma ga Maciji a gabanta, ya fi yadda take hango shi daga Kogi girma, ƙasa har rawa take idan ya wuce. Ta manta. Layin masu jira ya yi tsawo, ya naɗe ya sake naɗewa, ita kuwa ko a jikinta. Ta ajiye jaka a tsakanin ƙafafunta. Ta ƙirga kujerun, ta zaɓi ta gaba a ranta. Rabon da ta ji daɗi irin wannan har ta manta, dariya take ita kaɗai, tana jan hannun rigar ubanta duk sanda keken ya kai ƙololuwa. Shi kuma ya ɗaga sandar waya yana jawabi.

"Jama'a, ga mu a gindin Macijin Sama. Wasu za su ce sai mai kuɗi. Ni kuwa na ce sai mai tsari."

A ƙarshen layi, kafin matattakalar hawa, akwai wani turken ƙarfe da hannu na katako a jikinsa. Wani saurayi mai hular ma'aikata yana tsaida yara a gindinsa, ya juyo hannun. Wanda katakon ya taɓa kansa ya wuce. Wanda ya bi ta samansa sai ya koma. A jikin turken an rubuta da manyan baƙi: mita ɗaya da santi arba'in.

"Ƙanwata, tsaya nan."

Shanshan ta tsaya. Saurayin ya juyo katakon. Ya wuce ta saman gashinta, iska kawai ta ji.

"Ayya, yi haƙuri. Sai baɗi."

Duan ya yi dariya, wayar tana ɗauka.

"Tsaya, ƙanena, ba ta shirya ba ne. Shanshan, miƙe. Nan ba bakin ƙofa ba ne, saki jikinki."

Ta ja numfashi, ta tura ƙirji, ta ɗaga haɓa. Abin nan ya cije ta a tsakanin kafaɗu har idonta ya kawo ruwa. Saurayin ya sake juyo katakon a hankali, don shi ma ya so ya taɓa. Bai taɓa ba. Ya sa yatsunsa biyu a tsakanin katakon da kanta, suka shige.

"Malam, ba ta kai ba. Dokar tsaro ce, ƙarfen kujerar ba zai riƙe ta ba."

"Turkenka ne ya karkace! Ni na san tsawon 'yata. Tun bara ta wuce layin nan da yatsu uku, a gaban jama'a aka auna ta!"

Saurayin ya dubi wuyan hannun yarinyar, ya dubi Duan.

"To in ta wuce tun bara, Malam, me ya kawo awarwaron yara a hannunta?"

Wani daga baya ya ce, "A ƙofa 'yar ƙarama, a nan babba. Malam, zaɓi ɗaya ka bar mu mu wuce!" Aka yi dariya, irin ta gidan namun daji. Duan ya sauke sandar waya. Ya damƙi kafaɗun 'yarsa da hannu biyu ya ja su baya, yana magana ta tsakanin haƙora.

"Kina so ki sake kunyata ni? Wasa ya ƙare. Na ce ki miƙe!"

Hawaye suna gangarowa, diddigenta a jikin turke, gwiwoyinta a miƙe sambal. Ta ɗago ido ta dube shi.

"Baba, a miƙe nake."

Dariyar ta mutu. Hannuwansa suna kan kafaɗunta, kuma a karon farko ya ji abin da Malama Fei ta faɗa masa da baki: ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, da wani tudu a bayan ta dama wanda ba ya komawa ko an danna. Ya tsaya haka kamar wanda aka dasa. Wata mata a layi ta ja ɗanta jikinta. Keken Maciji ya cika da wasu, ya fara hawa, ƙarfe yana ƙas-ƙas-ƙas a saman kansu.

Da a ce labari ne na daɗin baki, da nan zan ce ya durƙusa ya rungume ta, suka wuce asibiti. Amma mutumin da ya iya samun uzuri ga jarrabawa da biki da sanyi ba zai rasa na Asabar ɗaya ba. Duan ya saki kafaɗun, ya goge hannunsa a wando, ya yi gyaran murya.

"Gajiya ce. Da yamma mutum raguwa yake, ai ni na gano wannan. Ɗauki jakar, ga dawakai can."

Dawakan katako ne masu kewayawa a hankali da kiɗa, awarwaro ruwan ɗorawa yana shiga kyauta. Shanshan ta hau wani fari, tsakanin yara 'yan shekara huɗu da iyayensu ke riƙe da su. Duk zagaye sai ta ga Maciji ya bayyana, ya ɓace. Duk zagaye sai ubanta ya ce, "Murmushi!" sai ta yi.

Kafin su iso gida bidiyon ya riga su. An yanke wurin turke. Akwai jirgin fito, akwai ƙwai a kan benci, akwai yarinya a kan farin doki, da shawarar mako a rubuce a ƙasa: ba sai yaro ya hau manyan abubuwa ba, farin ciki a ƙananan yake. Matan bene suka yi ta aiko da hoton babban yatsa. Anti Ruan ta rubuta, "Ina ma duk uba haka yake."

Suyun ta dawo daga kanti da ƙaramin kek, ta dafa taliyar ranar haihuwa, doguwa wadda ba a yankewa. Ta tambaya daga kicin ko an hau Macijin. Duan ya ce layi ya yi yawa, sai wani jiƙon. Ta ce ai shi ke nan, wata rana a koma. Maganar likita kuma, in ji ta, bari a ga ƙarshen wata.

Shanshan ta ajiye jaka, ta nufi kicin don ta taya uwarta ɗauko kwanuka. A bakin ƙofar ta tsaya, don ƙafafunta sun saba tsayawa a wurin. Ba Juma'a ba ce, ba wanda ya sa ta. Ta jingina diddige da katako, ta miƙe iya ƙarfinta, ta kai hannu saman kanta ta laluba. Jan salatif ɗin yana can sama da yatsunta.

Duan ya ɗago kai daga waya, inda yake amsa gaisuwar masu yabo. Ya dubi 'yarsa, ya dubi layin.

"Maman Shanshan, zo ki gani. In dai haka ne, har baɗi ma rabin tikiti ne."